Filin golf mai araha ko kulob na mambobi?

Ana yawan tambayata wanne ya fi. A fili mai araha, ranar da ka buga kaɗai za ka biya. Kulob kuwa kuɗin shekara ne, ko ka zo ko ba ka zo ba.

Amma araha ba ta ado. Ciyawar bakin ramin da ake saka ƙwallo ba kullum ake aske ta ba, sai ka auna ƙwallo daidai, ta yi tsalle ta kauce. Ga cunkoso ranar hutu: cikakken wasa na ramuka 18 da ake gamawa cikin awa 4 sai su ci 5. A kulob ciyawa sumul, sai dai dokar sutura.

Mai koyo, wanda ƙwallayensa ke ɓacewa cikin kududdufan filin, fili mai araha ya ishe shi. Mai bugawa sau uku a mako, kulob ne nasa.