Gam Mai Narkewa Ko Ifoksi: Wanne Ya Fi Riƙe Bakin Kibiya?

Ɗan ƙarfen nan da ake cusawa a bakin kibiyar zamani, wanda ake murɗa tsini a cikinsa, gam ne ke riƙe shi. Gam mai narkewa da wuta sauƙi gare shi: ka ɗumama tsinin, ƙarfen ya saki, ka juya shi ko ka sake sabo. A kibiyar alminiyam ni shi nake zaɓa.

Kibiyar kabon kuwa, wato wadda aka yi da zaren kabon maimakon ƙarfe, ba ta son zafi, wuta na iya lalata ta a ɓoye har ta tsage a hannun maharbi. Nan ifoksi, wato gam mai ƙarfi da ake gauraya kashi biyu kafin a shafa, ya fi, musamman mai bushewa cikin awa 24, ko da yake in ya kama, cire shi sai an sha wuya. Kafin kowanne, a goge cikin kibiyar tas da sifirit.