GARGAƊI: masu neman injin Land Cruiser a Legas, ku karanta kafin ku tura wa kowa kuɗi

Naira miliyan 2 da dubu 800, jama'a. Miliyan 2 da dubu 800 wani marar tsoron Allah ya karɓe min a kan injin da ko 'yan gwangwan sai sun yi ciniki kafin su ɗauka.

Motata Land Cruiser ce ƙirar 80, ta 1996, mai injin 1HZ na gas, silinda shida, lita 4.2. Wanda ya taɓa riƙe ta ya san dalilin da ba a rabuwa da ita. Ba tabo (turbo), ba kwamfuta, ruwan damina ya cika titi a Legas kana wucewa ana kallonka. Da injin ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, sai na ce gara in sa tokumbo in huta.

Kuma kada wani ya zo min da zancen wai na yi sakaci. Ban sayi kaya a waya ba. Da ƙafata na je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, na sauka a tashar Toyota, tare da makanikena na Agege wanda ya tsufa a kan injin gas. A gabanmu aka jona batir, aka tayar da injin a ƙasa. Ya tashi bugu ɗaya, sauti lafiya lau, ba hayaƙi. Makanike ya buɗe murfin mai ya duba, ya ce Alhaji wannan kaya ne. Har lambar da ke jikin injin na ɗauka a hoto. To me kuma ake so mutum ya yi?

Abin da ke hana ni barci shi ne Hausar da mutumin da ya karɓe min kuɗin ya yi min. Tun a WhatsApp, kafin ma mu haɗu, "Yayana, ai mu ɗaya ne a garin nan, ba zan ci amanarka ba." Wallahi haka ya ce. Sai yanzu nake tuna ko kujera bai taɓa zama a kai ba a shagon, kullum yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce asusun shago na da matsala, in tura ta na ƙaninsa. Na tura miliyan 2, daga baya dubu 800. A'a, dubu 800 ɗin ne farko, kafin alƙalami, tun kafin a tayar da injin. Shi ne ma ya nuna min inda zan yi la'asar, ya ce in na dawo zan tarar an ɗora a mota. Na dawo na tarar an ɗaure da leda da igiya, tsaf.

A gareji aka ɗora, aka tayar, ba a jima ba ruwan lagireto ya haɗe da mai, ya koma kamar shayi mai madara. Da aka kwance, kan silinda a tsage, an like da gam an bi da fenti. Lambar ba ita ce ta hotona ba. An musanya ina kan sallaya.

Na koma shagon, mai shi ya ce injinsa na nan, ga shi ma, ba wanda ya biya shi ko sisi. Mutumin ɗan kamasho ne kawai, yana kawo masu saye. Ban zargi kasuwa ba, akwai mutanen kirki a ciki. Layin ɗan kamashon kuwa a kashe.

Ku biya mai shago hannu da hannu, sunan rasit ya zama sunan asusu, kuma kada ku ɗaga daga kan kayanku sai an ɗora.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na sanar da banki. Hirarmu, shaidar tura kuɗi da hotunan lambobin biyu duk suna wayata, zan saka su da daddare in na rufe sunayen mutane. Miliyan 2 da dubu 800, ga kuɗin makanike, ga mota a kan jak. Ban yafe ba.