Bitamin na kemis ko NMN na 'yan intanet: wanne za a saya wa Hajiya?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya wanne ya fi dacewa da tsohuwarki Hajiya. Tsakanin ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe ta kemis da waɗancan ƙwayoyin ƙarin abinci, NMN da resveratrol, da aka tallata miki a matsayin maganin tsufa, ki saya wa Hajiya bitamin ɗin, sauran kuɗin ki yi mata cefanen kifi da ƙwai da su.

Bitamin ɗin muke ba Babanmu. Tun da haƙoransa suka zube ya yi sallama da nama, ganye ma sai an lallaɓa shi, abincinsa ya koma kunu da tuwo mai laushi. Likitansa ne ya ce a riƙa ba shi ɗaya kullum bayan karin kumallo, don yana shan metformin na ciwon suga, shi kuwa wannan magani idan an daɗe a kansa yana rage bitamin B12 a jiki, ga shi cikin tsoho dama ba ya tsotsar B12 kamar na yaro. Yanzu shi ke tuna mana. Ranar da aka kawo koko babu ƙwayar, sai ya ƙwala wa jikarsa kira, wai amarya ta fara yi masa rowa tun ba a je ko'ina ba. Bai koma saurayi ba, gwiwa na nan da ciwonta, amma hankalinmu ya kwanta cewa abin da kwano bai ba shi ba yana samun wani abu daga ciki.

Kuma an gwada bitamin ɗin a kan mutane, ba ɓeraye ba. A wani babban bincike a Amurka mai suna COSMOS, an raba dattawa sama da 21,000 gida biyu: wasu suna shan bitamin mai haɗe-haɗe mai suna Centrum Silver, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta, ba wanda ya san wadda aka ba shi. Kimanin 5,000 daga cikinsu an riƙa gwada ƙwaƙwalwarsu shekara 2 zuwa 3, masu shan bitamin suka ɗan fi riƙe abu a ka, gwargwadon jinkirta tsufan ƙwaƙwalwa da kamar shekara 2 a lissafin masu binciken. Ɗan bambanci ne, kada ki zata mantuwa za ta tafi. Batun tsawon rai kuwa, wani binciken da ya fito a 2024 ya bi Amurkawa kusan 390,000 sama da shekara 20, bai ga masu shan bitamin kullum sun fi sauran daɗewa a duniya ba. To cike giɓin abinci yake yi, kuma a ganina tsohuwar da cin abincinta ya ragu ta fi ƙoshasshen Ba'amurke buƙatarsa.

Resveratrol na taɓa sayen kwalba ɗaya. Kwalbar tana da kyau, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Sinadari ne da ke ɓawon inabi, har gyaɗarmu tana da ɗan kaɗan. Ya yi suna ne a 2006, da David Sinclair na jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka ba ɓerayen da aka ɗura wa abinci mai maiƙo, suka fi 'yan'uwansu daɗewa. A 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin da ke aiki a kansa, Sirtris, dala miliyan 720, a 2013 ya rufe ofishin Sirtris ɗin ba tare da maganin tsufa ya fito ba. Masu wannan kuɗin ma sun haƙura, balle mu. NMN ƙanensa ne a talla. Gwajin da aka fi ambata, na 2021 a St. Louis, mata 25 ne kacal na mako 10: tsokarsu ta ɗan fi karɓar insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, amma sukarin jini da nauyi ba su sauya ba. Babu gwajin da ya nuna ya ƙara wa ɗan Adam ko kwana ɗaya.

Ki yi hattara da masu sayarwa a Facebook da WhatsApp, musamman masu cewa ki saya ki kuma kawo mutum biyu. Ƙwaya ɗaya wai tana maganin suga, hawan jini, sanyi da furfura, har wasu su ce a ajiye maganin asibiti. Duk wanda ya gaya miki haka ki rufe wayarki. Ki saya a kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, amma lambar ba shaida ba ce cewa abin yana ƙara tsawon rai. In mai kwanso ne mai laushi, ki karanta ko da me aka yi kwanson, don wani gelatin ɗin na alade ne.

Ki ɗauki na masu shekara 50 zuwa sama, ɗaya a rana, kada a ninka. In Hajiya tana shan warfarin na tsinka jini, bitamin K da ke ciki yana iya rage masa ƙarfi, saboda haka ki tafi da kwalbar ranar ganin likitanta kafin ta fara. Allah ya ƙara mata lafiya.