Tsohuwar tagar alminiyam: fenti, hoda ko goge, wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya zaga tsofaffin gidajen Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, zai ga tagogi da ƙofofin alminiyam da suka yi fari fat kamar an barbaɗa musu gari, wasu har da ƙananan ramuka kusa da sukurori. Alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ke kare shi, kuma wannan fatar ce ke hana fenti kama shi. Shi ya sa fentin mai da aka shafa kai tsaye ke ɓarewa kamar ɓawon albasa kafin damina ta zagayo.

Hanya huɗu ake bi. Gogewa da man sheƙi ta kwana kaɗan ce, hunturu ɗaya ya isa ya dusashe ta. Anodayizin, wato a tsoma ƙarfen a ruwan asid a sa masa wutar lantarki har fatar ta yi kauri maikiron 15 zuwa 25 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ya fi kowanne ƙarko, amma aikin masana'anta ne, kuma ba ya ɓoye rami ko ƙarzuwa. Fentin hoda ana fesa shi a bushe a gasa a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200, yana da kyau a sabon firam. A tsohuwar taga kuwa sai an ɓalle ta daga bango, an cire gilashi da roba da tayoyi, kuma in ya ƙwarzane babu faci, danshi ya riƙa bi ta ƙarƙashinsa kamar gara.

Ta huɗun ita ce zaɓina: firaima mai cin ƙarfe, wato shafin farko da ke ɗan cin fuskar ƙarfen don fenti ya kama, sannan fenti mai haɗi biyu, wato fenti da ruwan taurarawa, wanda masu feshin mota ke kira 2K. Ita masu jiragen ruwa masu tafiya da iska ke bi wajen sabunta tsofaffin sanduna da maƙalan alminiyam, kuma abin da ya jure ruwan gishiri ai ruwan burtsatse ba zai gagare shi ba. Ana yin aikin taga tana jikin bango, in wuri ya lalace a gyara wurin kawai.

Sirrin yana wajen shiri. A wanke da ruwa da sabulun wanke kwano, a bari ya bushe, a goge maiƙo da tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi. A bi da samfefa mai lamba 180 har farin garin ya fita ƙarfe ya yi haske, a ƙarasa da 320. Ramukan sai an ƙwaƙule su tas, domin ɗan garin da ya saura a ciki shi zai kumbura fentin daga baya. Kada soson ƙarfe ko burushin waya ya kusanci wurin, suna barin ɓurɓushin baƙin ƙarfe da zai fito da ɗigon tsatsa. Daga gama samfefa a sake gogewa da tsumma mai tsabta a fesa firaimar cikin 'yan awanni, kada a bari ya kwana. Shafi ɗaya siriri ya isa, wanda kana iya hango ƙarfen ta cikinsa; in ta yi kauri ba ta kamawa. A ɗora firaimar efoksi a kai, a bi da shafi biyu na fentin sama. Yawanci haɗin kashi 2 na fenti ne da kashi 1 na ruwan taurarawa, amma abin da aka rubuta a gwangwani shi ne alƙali. A dama daidai wanda za a ƙarar, in ya jima a kofi daskarewa yake. Ruwan taurarawar nan yana illa ga huhu, mai feshi ya sa takunkumi mai matata, ƙyalle a hanci ba ya tare komai.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ƙurar Disamba da Janairu tana manne wa ɗanyen fenti, zafin Afrilu kuma yana busar da shi kafin ya kwanta. A yi da sassafe, a inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa.

Sai maganar ha'inci, inda mutane suka fi ƙonewa. Akwai mai fesa fentin azurfa a firam ya ce maka anodayizin ne. Ɗiga tina a auduga ka murza a lungun da ba a gani: na gaske ba ya ɓata audugar, fenti kuwa zai biyo ta. Haka fentin hoda da ba a gasa sosai ba, zai yi laushi ya yi danƙo. Akwai mai karɓar kuɗin 2K ya zuba fentin gida a tsohon gwangwani. In ba ka ga ƙaramin gwangwanin ruwan taurarawa ba, kuma ba a buɗe su a gabanka ba, to ba 2K ba ne. Firaimar baƙin ƙarfe mai launin jan ƙasa ma ana kawo ta a ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Kafin ka biya cikon kuɗi, bayan mako guda, ka tsaga ɗan wuri da reza a gicciye, ka manna salatif ka fizge. In fenti ya biyo, bai kama ba, wataƙila an tsallake firaima.

Sukurori su ne babban tarko. Baƙin ƙarfe da aka yi wa ruwan sheƙi ana sayar da shi a matsayin sitenles, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, ko a Katsina ko a Ƙofar Ruwa a Kano sai ka sa ido. Mayen ƙarfe zai cafke wannan da ƙarfi, amma kada ka dogara da shi kaɗai, don sitenles mai araha lamba 201 ma ba ya kamuwa, alhali 304 kake nema. Ko na gasken ne, in ya haɗu da alminiyam ga danshi, alminiyam ɗin ke cinyewa. Saboda haka a shafa wa kowane sukuru girisi ko a sa masa wosha ta roba. Tagulla kuwa kada ma ta shigo cikin lissafi.

Mai aikin da ya ce zai wanke firam da sodar haɗa sabulu don ya yi saurin fari, ka sallame shi tun a bakin ƙofa, soda narkar da alminiyam take. Ɗanyen siminti ma haka yake ci, don haka in za a yi filasta kusa da taga, a lulluɓe firam da leda tukuna, wanda ya fantsama a wanke shi kafin ya bushe.