Abokin Ciniki Ya Riƙe Maka Kuɗi: Wace Ƙofa Za Ka Ƙwanƙwasa?

A ce kai ɗan Kantin Kwari ne, ka ba wani mutum dila goma na atamfa bashi, wata shida ke nan yana yi maka yawo da hankali, yau ya ce gobe, gobe ya kashe waya. Hanyoyin neman haƙƙinka suna da yawa, kowace da nata farashin.

Tun farko ka cire 'yan sanda daga lissafi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya, kuma wanda ka sa aka tsare zai iya juyowa ya maka ka a kotu. Reshe ya juye da mujiya ke nan.

Mafi arha shi ne sulhu a gaban shugabannin kasuwa, sai dai wanda bai jin kunyar dattawa ba abin da za su yi masa. A nan cibiyar sulhu ta Multi-Door da ke Kano tun 2009 ta fi ƙarfi: idan kun daidaita, alƙali ya sa hannu, takardar ta zama hukuncin kotu.

Ni dai, in adadin kuɗin a fayyace yake, Kotun Ƙananan Ƙararraki nake ba da shawara. Legas ta fara a 2018, Kano ta bi a 2019, da iyakar naira miliyan 5 a lokacin. An tsara a gama shari'a cikin kwana 60, kuma kana iya tsaya wa kanka ba lauya. Amma sai ka fara aika wa mutumin takardar neman biya, sannan ka zo da hujja a hannu: rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, saƙon WhatsApp inda ya rubuta "Alhaji a ƙara mini haƙuri zuwa ƙarshen wata". Wannan saƙon ya fi shaidu uku masu kame-kame, kada ka goge shi.

Babbar Kotu ta manyan kuɗi ce da masu dogon numfashi. Ana ɗage zama, ana ɗaukaka ƙara, shekaru na tafiya. Kafin ka ɗauki lauya, ka tambaye shi ko ya taɓa yin irin wannan shari'ar, kuma ku rubuta kuɗin aikinsa, har da na kowane zuwa kotu. Wanda ya yi maka alkawarin nasara tun bai ga takardunka ba, ka nemi wani. In kuwa rigimar ta masu hannun jari ce a cikin kamfani, Babbar Kotun Tarayya za a nufa.

Ko wacce ka zaɓa, ka fara bincika ko mutumin yana da abin da za a kama. Kotu na iya umartar bankinsa ya biya ka daga asusunsa, ko a yi gwanjon kayansa, amma in asusun wayam ne, shagon kuma na haya, to ka saurari tayin biya kaɗan-kaɗan da kunnen basira.