Hattara da mai tallan na'urar FTIR ta hannu a WhatsApp

Malamai da masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje, a yi hattara. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp na malaman kimiyya yana tallan na'urar FTIR ta hannu, wato na'urar da ke amfani da hasken infrared wajen gane sinadaran da ke cikin samfur, wai wata jami'a a Turai ce ta sabunta kayanta, shi kuma ya kwaso tsofaffin da araha. Mu dai ya yi mana sakiyar da ba ruwa.

Ganin yadda ɗalibanmu ke ɗaukar samfur zuwa wani gari su yi makonni suna jira, sai muka ƙwallafa rai. Ya turo bidiyo: ga na'ura a kan tebur, fitilarta a kunne, kwamfuta na nuna sakamako. Farashin bai kai rabin na sabuwa ba. Ya karɓi rabin kuɗi, ya ce ragowar sai kaya sun iso Legas, kuma asusun na wani mutum ne, ba na kamfani ba. A nan ya kamata mu farga, amma araha ta rufe mana ido.

Akwati ya iso, babu laifi. Da muka buɗe, ƙwayoyin shan danshin da ke ciki sun rikiɗe daga shuɗi zuwa ruwan hoda, sun sha sun ƙoshi. Masanin na'urarmu ya haska tocila ciki, ya yi shiru, can ya ce, "Malam, wannan ta mutu tun kafin ta hau jirgi." Madubin da ke raba haske gida biyu, wanda shi ne zuciyar na'urar, a kan gishirin KBr ake yin sa, kuma KBr ba ya shiri da danshi ko kaɗan. Namu ya yi hazo fari fat, kamar gilashin mota da safiyar damina. Goge shi ba ya magani, sai dai a sauya, kuma kuɗin sauyawar ya isa ya sa mutum ya dafe kai. Wurin ɗora samfur, wato ATR, ya rantse mana na daiman ne. Ashe ZnSe ne, wani sinadari mai ruwan ɗorawa da bai kai daiman ƙarfi ba, duk ya karce, shi kuwa asid ma cinye shi yake. Manhajar da za ta tuƙa na'urar ba ta zo ba. Lambar da ke jikinta kuma daban take da wadda muka gani a bidiyo.

Fitila a kunne ba ta nuna komai. Duk wanda zai saya, ya sa mai kayan ya kira shi ta bidiyo kai tsaye, ya nuna lambar na'ura, sannan ya ɗora ledar polistirin ta gwaji ya auna daga 4000 zuwa 400 cm⁻¹ (ma'aunin zangon hasken) a kan idonsa. Dole tsinin da polistirin ke fitarwa a wajen 1601 ya fito sarai a zanen sakamakon. Daga nan a tura lambar ga ainihin masu ƙerawa, ko Bruker ne, ko Shimadzu, PerkinElmer ko Agilent, a tambaye su shekarar ƙira da sunan wakilinsu a Najeriya. Imel ɗaya ne, mu ba mu tura ba.

Yanzu ya sauya lambar waya, ya koma tallan na'urar terahaz, wato mai aiki da wani nau'in hasken da ido ba ya gani. Abin ma dariya. Irin wadda ake bincike da ita a tsakanin terahaz 0.1 zuwa 10 galibi da leza mai walƙiya mai matuƙar gajarta (ta femtosakan) take aiki, kamfanoni ƙalilan irin su TOPTICA da Menlo Systems na Jamus ke yin ta. Hoton da yake rabawa kuwa wani abu ne mai kama da na'urar busar da gashi. Mun kai ƙara, rasit da saƙonninsa duk muna riƙe da su. Wanda ya riga ya tura masa kafin alƙalami, ya garzaya bankinsa yau ɗin nan, kada ya ƙara masa ko sisi.