Manhajar da ba ta yarda da "ai a fili yake"

Wata huɗu ke nan ina amfani da manhajar horon nazarin shari'a da malaminmu ya sa muka yi rajista. Ina aji uku a sashen shari'a a Akoka da ke Legas, ina kuma zaune wajen kawuna a Agege, don haka rabin karatuna a danfo (ƙaramar bas ta haya) nake yin sa, cikin cunkoson Oshodi.

Sai ta ba ka labarin ƙara, ta buɗe maka gurbi huɗu: batun da ake jayayya a kai, ƙa'idar doka, yadda ƙa'idar ta hau kan labarin, sannan hukunci. Gurbi na uku ne ya tona min asiri. Ashe haddar shari'o'i kawai na iya. Na san shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, matar da ta ce ta tarar da dodon koɗi a kwalbar abin sha, na san kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta ce mai haɗa kaya yana da alhakin kiyaye wanda zai yi amfani da su ko da babu yarjejeniya tsakaninsu. Amma da aka sauya labarin aka ce mai shago ne ya buɗe kwalbar kafin ya miƙa, sai na rubuta "ai a fili yake". Ta dawo min da amsata, ta tambaye ni wa ya sami damar duba abin sha kafin ya kai baki. Wallahi na ji kunya, ni kaɗai a kujerar baya.

Inda ta gaza, kusan duk misalanta na Ingila ne. A darasin manyan laifuka ba ta bambanta dokar laifuka ta Penal Code da ake aiki da ita a Arewa da dokar laifuka ta Jihar Legas ta 2011, alhali wannan ne mai ruɗa irina da ke shirin komawa Kano aiki. Bidiyonta kuma na shan data kamar rairayi, sai da na koma sauke rubutu kawai.

Gardamar baki ba ta koyar da ita. Wannan kam sai ranar Asabar, idan muka haɗu mu huɗu a wajen mai shayi muna kai wa juna ƙara. Zan sabunta rajista zango mai zuwa, amma ta wata ɗaya, gab da jarrabawa.